SHEHU MUHAMMADU AL-KASHNAWI, MASANIN TAURARI DA HISABI

A cikin shekara ta 1154 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1741 ta Miladiyya, Allah Ya yi wa wani baƙon malami rasuwa a birnin Alƙahira ta ƙasar Masar. Ya cika ne a gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, mutumin da a zamaninsa aka sallama masa a Masar wajen sanin falaki da lissafi, kuma shi Shehu Hasan ɗin almajirin wannan baƙo ne. Sunan baƙon Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Kashnawi, watau Bafillace Bakatsine, Allah Ya jiƙansa da rahama.

Mafi yawan abin da ya iso ga mutanen yau na labarinsa ya biyo ta hanya biyu ne, gabatarwar littattafansa da kuma babban littafin tarihin nan Aja'ibul Asar na Abdurrahman Al-Jabarti, ɗan mai masaukin nasa. Abdurrahman bai riski Shehun da rai ba, domin an haife shi a 1167 bayan Hijira, shekara goma sha uku ke nan bayan rasuwar. Amma ya tashi a gidan da aka bar wa littattafan mamacin, ya kuma ji labarinsa daga bakin mahaifinsa. Da ya zo rubuta tarihin manyan mutanen da suka rasu a Masar, sai ya sa Bakatsinen nan a sahun limaman ilmi, ya siffanta shi da teku mai zurfi, wanda ke da hannu a kowane fanni.

ƊAN RANKO

Al-Jabarti ya kawo wata nisba a ƙarshen sunan Shehun, ita ce Addanrankawi. Balarabe ba zai gane inda ta dosa ba, amma Bahaushe yana jinta ya san an ce mutumin Ɗan Ranko. Masana tarihin ƙasar Katsina sun danganta wannan suna da Kurmin Ɗan Ranko, wani tsohon gari a kudancin ƙasar, ta wajen Malumfashi, wanda ke kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja. Inda fatake suka yi zango kuwa malamai ba su nisa, domin ayari yana bukatar mai rubuta wasiƙa, da mai raba gardama, da mai lissafin bashi, da wanda zai ja salla. Haka aka yi a 'Yandoto, haka kuma aka yi a unguwannin Wangarawa na birnin Katsina.

Akwai wani ɗan kuskure da ya shiga sunansa a bugun littafin Al-Jabarti, inda ake ganin Al-Gullani a maimakon Al-Fulani. Duk wanda ya saba da rubutun hannu ya san yadda fa da gain suke kama da juna idan suka faɗo a tsakiyar kalma.

Shehu Muhammadu ya taso ne a wajajen ƙarshen ƙarni na 17, lokacin da Katsina take cikin ganiyarta ta ciniki da karatu. Waliyyi Ɗan Marina da Waliyyi Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ba su daɗe da barin duniya ba, almajiransu suna nan da rai. Hasumiyar Gobarau tana tsaye. Ayarin raƙuma yana shigowa daga Agadas da Gadamus ɗauke da takarda da littattafai.

Amma tun kafin yaro ya kai ga littafi, a wannan yanki na kudancin Katsina sararin samaniya ne allonsa na farko. Ƙasar noma ce, daga Malumfashi da Ƙafur har Bakori da Funtuwa, kuma manomi ba shi da abin da ya dame shi kamar sanin ranar da zai yi shuka. Idan ya yi gaggawa iri ya ƙone a ƙasa, idan ya yi jinkiri dawa ba ta nuna ba ruwa ya ɗauke. Saboda haka dattawa suka san Kaza da 'Ya'yanta, suka san Zara matar wata, suka san Gamzaki mai fitowa da asuba. Malamai kuma suna da nasu lissafin wanda ya fi wannan tsari. Sun raba hanyar da wata yake bi gida 28, su ne manazili, waɗanda Alƙur'ani mai girma ya ambata a Suratu Yunus a matsayin hanyar sanin adadin shekaru da lissafi. Kowace tauraruwa aka ba ta kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365 ke nan. Kana aka raba su bakwai bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Taurarin damina su ne Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Har yanzu a kan sami tsofaffin malamai a karkara waɗanda in an tambaye su za su faɗi tauraruwar da ake ciki da kwanakin da suka rage mata, ba tare da sun duba takarda ba. Cikin irin wannan duniya Shehu Muhammadu ya buɗe ido.

MALAMANSA

Al-Jabarti ya lissafta malaman Shehun guda huɗu, kuma dukkansu mutanen ƙasashen Sudan ne, babu Balaraben Gabas ko ɗaya a cikinsu.

Wanda ya fara buɗe masa ƙofa shi ne Shehu Muhammadu Fodiye. Ya lizimce shi kimanin shekara huɗu, a gida da kuma kan hanya, yana karanta littattafan adabi da nahawu da sarfu, har malamin ya riƙa kiransa Sibawaihi saboda ƙwarewarsa a nahawu. Kafin wannan ma an san shi da laƙabin Mai Muƙamai, domin ya haddace Muƙamatul Hariri, littafin da almajirai suka sani da wuyar lugga. Fodiye laƙabi ne na malanta wanda malaman Fulani da dama suka amsa, saboda haka ba a gaggauta ɗauka cewa mahaifin Mujaddadi Shehu Usmanu ne, ko da yake sunan ɗaya ne. Akwai kuma Shehu Hashimu.

Na uku shi ne Shehu Muhammadu Alwali ɗan Sulaimanu na ƙasar Bagarmi, mawallafin Manhajul Farid a ilmin tauhidi, wanda ya kuma yi rubutu mai zafi a kan haramcin shan taba. Wani abin lura shi ne, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo a cikin Infaƙul Maisur waɗansu baitoci da aka jingina wa wannan malami, na sukar masu barin Littafin Allah su koma ga duba da taurari. Ashe tun a zauren karatu Shehu Muhammadu ya ji hujjar masu inkarin fannin da daga baya ya shahara da shi.

Na huɗu, wanda ya fi kowa tasiri a kansa, shi ne Shehu Muhammadu Bindu. A wurinsa ya karanta usulu da balaga da manɗiƙi, da Alfiyyar Iraƙi ta ilmin hadisi, da littattafan aƙida na Sanusi. Ya saurari Sahihul Buhari, ya karanci kashi uku cikin huɗu na Muhtasar Halil. Sa'an nan a wurinsa ne ya ɗauki ilmin hisabi, da ilmin lokuta, da ilmin haruffa da hatimai, bisa tafarkin malaman Magrib. Mai karatu ya lura da wannan jeri. Sai da mutumin ya ƙoshi da fiƙihu da hadisi da tauhidi kana ya ɗora ilmin taurari a kai.

Shi ilmin lokuta, wanda Larabawa ke kira miƙati, ba abin ado ba ne. Da shi ake gane zawali, lokacin da inuwa ta gama raguwa ta fara ƙaruwa, da shigar La'asar, da ɓacewar shafaƙi, da ketowar alfijir na gaskiya. Da shi ake gyara alƙibla. Bahaushe yana cewa gabas idan yana nufin alƙibla, alhali daga Funtuwa ko Malumfashi Ka'aba ba ta gabas sak, sai an karkata wajen arewa kamar digiri 20. Kayan aikin masu wannan ilmi a wancan zamani su ne sanda da inuwarta, da usɗurlabi, da wani allo mai siffar rubu'in da'ira wanda ake rataya masa zare da dalma, sai kuma idon da ya saba da duhu.

Batun tafarkin Magrib kuwa yana da misali mai sauƙi. Kowane harafin Larabci yana da adadinsa, amma mutanen Magrib da na Gabas sun saɓa a kan haruffa shida. A wurin malaman ƙasar Hausa, waɗanda suka bi Magrib, shin ita ce 1000, a Masar kuwa gain ce 1000. Saboda haka in malamin Katsina zai rubuta shekarar 1154 da ramzi, sai ya jera shin da ƙaf da nun da dal. Wanda ya tashi da lissafin Magrib ya je ya karantar a Masar dole ne ya riƙe tsarin biyu a kansa.

HAJJI

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Shehu Muhammadu ya bar ƙasarsa da niyyar sauke farali, a zamanin da tafiyar hajji takan ci shekaru, mutum yana tafe yana yada zango, yana karantarwa ko yana sana'a, har ya sami guzurin gaba. Al-Jabarti ya ce ya ratsa ƙasashe da yawa, ya sadu da sarakuna da malamai, ya amfana ya kuma amfanar, har ya rubuta labarin tafiyar tasa. Ya yi hajji a shekara ta 1142, watau 1730, ya kuma zauna maƙwabtakar Ɗakin Allah.

A gabatarwar ɗaya daga cikin littattafansa ya ba da labarin wani gargaɗi da aka yi masa tun a gida. An ja kunnensa da kada ya bari mutanen Gabas su san yana da ilmin asirai, domin in suka sani ba za su bar shi ya huta ba, kuma ba don Allah za su so shi ba, sai don biyan bukatunsu. Ya riƙe wannan gargaɗi na wani lokaci, yana zaune a Makka kamar kowane baƙo mai ibada. Daga baya wani wanda suka shaƙu da shi ya gano abin da yake ɓoyewa, ya matsa masa da roƙo har ya yarda ya ɗauki alƙalami. Wanda ya yi wannan gargaɗi ya san halin mutane. Ko a yau malamin da aka sani da fiƙihu zaurensa ba ya cika kamar na wanda aka ce yana da laƙani.

A Alƙahira ya sauka a Darbul Atrak, wani lungu kusa da Masallacin Azhar. Nan Shehu Hasan Al-Jabarti ya same shi ya fara ɗaukar ilmin hatimai da lissafin haruffa a wurinsa. Bayan ya komo daga Makka sai Shehu Hasan ya ɗauke shi da iyalinsa gaba ɗaya ya saukar da su a gidansa, ya ci gaba da karanta littattafansa a gabansa har ƙarshen rayuwarsa.

Domin a san ko wane ne wannan almajiri, ga wani labari da ɗansa ya kawo. Bayan rasuwar Al-Kashnawi da shekara takwas, Sarkin Santambul ya aiko wani gwamna Masar mai suna Ahmad Basha, mutum mai sha'awar lissafi da falaki. Ya zauna da manyan Azhar, har da shugabansu Shehu Abdullahi Ash-Shubrawi, ya yi musu tambayoyi a kan waɗannan fannoni, suka kasa ba shi amsa. Ya nuna mamakinsa, domin a Santambul ana jin Masar ita ce maɓuɓɓugar ilmi, ya kuma tuna musu cewa sanin lokaci da alƙibla sharaɗi ne na ingancin ibada. Shehu Shubrawi ya amsa masa da cewa wannan farilla ce ta kifaya, kuma tana bukatar kayan aiki da hannu mai kyau, alhali yawancin almajiran Azhar talakawa ne daga ƙauyuka. Sa'an nan ya nuna masa gidan Shehu Hasan. Gwamnan ya yi karatu a wurinsa, har ya sassaƙa agogon inuwa a kan dutsen marmara, aka kafa ɗaya a Masallacin Azhar. To, mutumin da Azhar ta fitar domin ya kare mata mutunci, shi ne wanda ya durƙusa gaban malamin Ɗan Ranko.

LITTATTAFANSA

Shehu Muhammadu ya wallafa Bulugul Arab a nahawu. Ya yi waƙar Larabci a ilmin manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus, ya kuma yi mata sharhi da kansa mai suna Izalatul Ubus. Amma littattafai biyu ne suka ɗaukaka sunansa.

Na farko shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya gama a 1145 bayan Hijira, a kan ilmin haruffa da hatimai. Hatimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, ana ganinsa a allo da laya da gindin ƙwarya, sai dai kaɗan ne suka san cewa a ƙarƙashinsa akwai lissafi tsantsa. A ɗauki mafi ƙanƙanta, mai gida tara. A layin sama a rubuta 4, 9, 2, a na tsakiya 3, 5, 7, a na ƙasa 8, 1, 6. Ko ta ina aka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Lambobin kusurwoyi huɗu, watau 2 da 4 da 6 da 8, in aka mai da su haruffa su ne ba da dal da wau da ha, daga nan aka sami sunan nan Buduhu da almajirai suka sani. In kuma mai karatu ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya zai ga daga 1 zuwa 2, da daga 2 zuwa 3, tsalle iri ɗaya ne, gida biyu a miƙe sa'an nan ɗaya a gefe, irin tsallen doki a wasan darar Larabawa da ake kira shaɗaranji. Haka kuma daga 7 zuwa 8, da daga 8 zuwa 9.

Mai gida tara yaro ma zai iya cika shi da gwaji. Amma mai layi biyar biyar yana da gida 25, kowane layi sai ya ba da 65. Mai bakwai bakwai gida 49, jimlarsa 175. Mai tara tara gida 81, jimlarsa 369. Nan gwaji ba ya aiki, sai ƙa'ida. Abin da Shehun ya yi shi ne ya tsara hanyoyin cika irin waɗannan hatimai masu layi mara, watau uku ko biyar ko bakwai har abin da ya yi sama, ta yadda in an san gidan farawa da irin tsallen da za a riƙa yi, da abin da za a yi in tsalle ya fita waje ko ya faɗa gidan da aka riga aka cika, to, hatimin zai fito daidai komai girmansa. Ya kuma yi wa almajiri nasiha da ya yi haƙuri da wannan fanni kada ya yanke ƙauna da wuri, ya kuma kame bakinsa.

Littafi na biyu shi ne Addurrul Manzum, a kan ɗalasimai da taurari. Ya fara shi a Makka, ya gama shi a Alƙahira cikin watan Rajab na 1146, wajen ƙarshen 1733. Babban littafi ne mai gabatarwa da manufofi biyar da kammalawa, kuma ya gina shi ne a kan Assirrul Maktum, wanda ake jingina wa Imam Fahruddin Ar-Razi mai babban tafsiri, wanda ya rasu a 606 bayan Hijira. A nan ne maganar take da nauyi.

Malaman Musulunci sun raba ilmin taurari gida biyu. Akwai ilmin tafiyarsu, watau sanin mafitarsu da mafaɗarsu domin gane lokaci da hanya da alƙibla da yanayin shekara. Wannan halal ne, wani sashensa ma wajibi ne a sami masu yinsa a cikin al'umma, kuma Suratul An'am da Suratun Nahli sun ambaci shiriya da taurari a cikin ni'imomin Allah. Akwai kuma da'awar tasirinsu, watau cewa tsayuwar tauraro kaza a buruji kaza ita ke kawo arziki ko tsiya, ko ta bayyana gaibu. A kan wannan ne hani ya zo. Hadisin Zaidu ɗan Halid, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, ya nuna yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rarrabe a Hudaibiyya tsakanin wanda ya jingina ruwan sama ga falalar Allah da wanda ya jingina shi ga tauraro. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu kuma aka yi husufin rana, mutane suka haɗa abubuwan biyu, ya hau mumbari ya kore wannan zato. Saboda haka manomin Bakori da ya ce an shiga Ɗarfa, ruwa ya kusa yawaita bisa al'ada, bai yi laifi ba, matuƙar ya san Mai saukar da ruwan.

Addurrul Manzum ya ƙunshi kashin biyu duka. Akwai bayanin burujai goma sha biyu da manazili da tafiyar taurari bakwai, wanda ba mai iya rubuta shi sai gwanin lissafi. Akwai kuma zaɓen sa'o'i da ɗalasimai da abubuwan da malamai irin su Ibn Taimiyya da Zahabi suka soki littafin Razi a kansu, waɗanda Ibn Haldun ma ya yi dogon bayani a Muƙaddima yana rushe tushensu. Shehun bai jahilci wannan saɓani ba, domin ya tattauna hukuncin koyon irin waɗannan ilmoma a farkon littafin. A zamaninsa kuwa manyan malamai a Masar da Makka da Santambul suna karanta su a fili, suna ganinsu wani reshe ne na sanin asiran halitta. Bayan shekara kamar saba'in, a ƙasarsa ta haihuwa, shugabannin jihadi suka tsananta a kan masu duba, har Sarkin Musulmi Bello ya wallafa littafi na musamman yana gargaɗi a guje su.

Masu rubutu a kansa a wannan zamani sun rabu biyu. Waɗansu suna kiransa masanin kimiyya kawai, su yi shiru a kan ɗalasiman, kamar suna jin kunyarsu. Waɗansu kuma da sun ji sunan littafin sai su ce boka ne, su manta da Buhari da Muhtasar da ya karanta, su manta da nahawu da manɗiƙin da ya wallafa. Kowane ɓangare ya yanke rabin mutumin ya yar. Malami ne na ƙarni na 12 na Hijira, wanda ya ɗauki ilmin zamaninsa da tsabarsa da ƙaiƙayinsa, ya kai matuƙa a cikinsa. Lissafinsa yana nan daram, duk wanda ya gwada zai same shi daidai. Abin da ya saɓa wa Sunna kuwa ana barinsa, ko daga wa ya fito, kamar yadda Imamu Malik ya koyar game da maganar kowane malami.

RASUWARSA DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Da ajali ya matso, Shehu Muhammadu ya naɗa Shehu Hasan wasiyyinsa a kan dukiyarsa da littattafansa. Aka rufe shi a maƙabartar Mujawirina, a sashen da ake kira Bustanul Ulama, watau lambun malamai, Shehu Hasan ya gina kabarin ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Bai sake ganin Katsina ba.

Sararin da ya yi wa hidima na taurari bakwai ne masu tafiya: Wata, Uɗaridu, Zuhura, Rana, Mirrihu, Mushtari da Zuhalu. A kansu aka gina kwanakin mako da sa'o'in ɗalasimai duka. Shekara arba'in cif bayan rasuwarsa, a 1781, wani makaɗi mai suna William Herschel, wanda kallon taurari sha'awa ce kawai a gare shi, ya kafa madubin hangen nesa da ya ƙera da hannunsa a bayan gidansa a garin Bath na Ingila, ya hango wata duniya bayan Zuhalu, wadda aka sa wa suna Yuranus. A 1846 aka gano Naftun, ita kuwa da alƙalami aka fara gano inda take kafin a gan ta da madubi. Lissafin falaki ya ƙara ƙarfi da waɗannan, amma ginin da aka yi a kan bakwai ya rasa ginshiƙinsa.

Littattafan Shehun ba su ɓace ba. An buga Addurrul Manzum a Alƙahira a 1961. Akwai kwafin Bahjatul Afaƙ na rubutun hannu a Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. A 1967 Malam Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Kano, ya yi nazari a kan bayanin Shehun game da ramzi. A 1973 wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta kawo hanyoyinsa na cika hatimi a cikin littafinta kan lissafin mutanen Afirka, daga nan sunansa ya shiga azuzuwan da ba a jin Larabci ko Hausa.

Aikin miƙati kuwa bai ƙare ba, kayan aikin ne suka sake. Duk ƙarshen Sha'aban da ƙarshen Ramadan jama'a suna fita bayan gari neman jinjirin wata, Kwamitin Ganin Wata na fadar Sarkin Musulmi yana tattara shaida yana auna ta da lissafin falaki. Masu sha'awar kallon sama kuma yanzu suna da ƙananan madubai irin su Seestar, wanda ya fito a 2023, nauyinsa bai kai kilo uku ba. Ana ɗora shi a kan ƙafafu uku a haɗa shi da wayar hannu, shi da kansa zai ɗauki hoton sama ya gwada da taswirar da ke cikinsa ya gane inda ya fuskanta, ya juya zuwa tauraron da aka zaɓa, ya riƙa tara haske na daƙiƙa goma goma yana ɗora hoto kan hoto har abin da ido ba ya gani ya bayyana. Tsohon madubi na gilashi ko na hannu mai ido biyu yana bukatar mai shi ya san sama da kansa, ya bi daga tauraro zuwa tauraro, kuma wannan ya fi kusa da yadda su Shehu Bindu suka koyar.

Abin da duka biyun suke bukata shi ne duhu, shi kuwa ƙauyukan kudancin Katsina suna da shi fiye da manyan birane. Bayan an gama girbi, a daren da ba farin wata kuma hazo bai sauko ba, cikin watan Disamba, Surayya takan tsaya kusan tsakar ka bayan sallar Lisha da sa'a biyu ko uku. Ita ce Kaza da 'Ya'yanta, ta uku a jerin manazili. Ido yana ƙirga shida ko bakwai, ƙaramin madubi ya nuna gommai, na'urar zamani kuma ta fito da wani shuɗin hayaƙi da ya lulluɓe su. Masana falaki sun auna nisanta, sun ce haskenta yana yin shekara kamar 440 a hanya. Hasken da zai sauka a gonakin Malumfashi a kakar bana ya baro can tun ba a haifi Waliyyi Ɗan Masani ba.